Kafin Ka Sayi Monitar Gem, Dubi Abin Da Za Ka Jona Mata

Kwalin monitar gem ba ya rowar lambobi. A gefe guda an rubuta 165Hz da manyan baƙaƙe, a ƙasa 1ms, can kuma HDR da FreeSync da 1500R, ga hoton wani jarumi riƙe da bindiga wuta na tashi a bayansa. Mai hali ba ruwansa, ya nuna mafi tsada a ɗaure masa a kai mota. Wanda ya daɗe yana tari kuwa, ɗalibi ne ko mai gidan gem da ke son ƙara kujera biyu, dole ya san wace lamba ce ke aiki, wacce kuma ado ce kawai. A ganina yawancin masu saye ta ƙarshen zancen suke farawa. Monita ba ta ƙirƙirar hoto, abin da aka miƙo mata take nunawa. Na'urar da za a jona mata, da irin wasan da ake yi a kanta, su ne ya kamata su zaɓa wa mutum monita tun kafin ya taka kasuwa.

Mu fara da lambar da aka fi kururutawa. Abin da ido ke ɗauka a matsayin motsi, hotuna ne tsayayyu da ake sauyawa da sauri, kuma Hz na nuna sau nawa monita ke sabunta hoton a cikin sakan guda. Mai 60Hz sau 60 take yi, wato kowane hoto yana tsayawa na milisakan 16.7, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. A 144Hz lokacin ya sauka zuwa 6.9, a 240Hz kuma 4.2. Daga 60 zuwa 144 ke nan an rage kusan milisakan 10, amma daga 144 zuwa 240 abin da aka rage bai kai 3 ba. Tsallen farko ko wanda bai taɓa riƙe hannun gem ba zai gane shi, domin da ka ja linzamin kwamfuta za ka ga kibiyar tana tafiya sumul maimakon tsalle-tsalle. Tsalle na biyu sai 'yan gasa da ke cin abinci da wasan, kuma kuɗin da ake ƙarawa a kansa ba kaɗan ba ne.

To amma duk wannan sai in na'urar tana iya samar da hotunan. PlayStation 4, wadda ta fito a 2013 kuma har gobe tana cike da gidajen gem, ba ta wuce 60 a wasanninta, wasu manyan wasannin ma irin su GTA V a kan 30 suke tafiya. Wasan ƙwallo, wanda shi ne abincin yau da gobe a irin waɗannan shaguna, a kan 60 yake gudana, ko FIFA ne, wanda aka sauya wa suna zuwa EA Sports FC a 2023, ko PES da ya koma eFootball a 2021. Mai PS4 da ya ƙara kuɗi ya sayi monita mai 240Hz ya shimfiɗa titi mai hannu huɗu ne don amalanke ɗaya. Monita mai 60Hz ko 75Hz, in dai hotonta na da kyau, ta ishe shi, ragowar kuɗin ya sayi hannu na biyu ko abin kare wuta.

Da PlayStation 5 da Xbox Series, waɗanda suka fito a Nuwamban 2020, zancen ya ɗan sauya. Suna iya kaiwa 120, sai dai a wasu wasanni ne kawai, irin su Fortnite da Call of Duty. Iyakar ke nan, don haka mai ɗayansu ba shi da abin nema sama da monita mai karɓar 120Hz ta HDMI. Kwamfuta ce ba ta da rufi, kuma a nan ne aka fi ruɗewa. Tsohon katin hoto (sashen kwamfuta da ke samar da hotunan) irin GTX 1650 yana iya fitar da hotuna sama da 100 a sakan a wasa mara nauyi kamar Valorant, amma shi ɗin dai, in aka ɗora masa Cyberpunk 2077, da kyar zai riƙe 60 ko an rage komai. Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya kunna ma'aunin FPS, wato yawan hotuna a sakan, da ke cikin wasan ko na manhajar Steam, ya yi wasan da ya fi yi, ya ga lambar da ke fitowa a kusurwa. In tana yawo tsakanin 45 da 60, matsalarsa tana cikin kwamfutar, sabuwar monita ba za ta ƙara masa ko hoto ɗaya ba. In kuwa tana haura 100 alhali monitarsa 60 ce, to lallai akwai abin da yake asara kullum.

Wani abu kuma da 'yan wasan intanet ke ɗora wa monita alhali ba laifinta ba ne: jinkirin sadarwa. Wanda ke Kano ko Maraɗi yana karawa da mutane ta sabar da ke Turai, saƙonsa kan ɗauki milisakan 100 ko fiye kafin ya je ya dawo. Wanda ke fama da wannan, milisakan ukun da zai tsira da su tsakanin 144 da 240 ba su ne za su hana a harbe shi ba.

Sai yawan ɗigo. Hoton sikirin ƙananan ɗigogi ne jere. Abin da ake kira 1080p ɗigo 1920 ne a kwance da 1080 a tsaye, jimla ɗan sama da miliyan 2. Na 1440p kusan miliyan 3.7, 4K kuwa miliyan 8.3, ninki huɗu na 1080p. Kowane ɗigo aiki ne a kan katin hoto, saboda haka duk lokacin da ka ƙara kyawun hoto, gudu kake ragewa. Wanda ya sayi 4K mai araha ya jona wa matsakaiciyar kwamfuta, ƙarshenta zai koma yana wasa a 1080p, kuɗin ɗigogin da ba ya amfani da su kuma sun tafi. Ba abin kunya ba ne zama a 1080p. Ƙidayar da Steam ke fitarwa duk wata ta daɗe tana nuna cewa sama da rabin masu wasa a dandalin a kansa suke. Girma kuma yana tafiya ne da yawan ɗigon. A inci 24, 1080p yana ba da ɗigo kusan 92 a kowane inci, hoto ya fito tsaf. A inci 27 ya sauka zuwa kusan 82, rubutu ya fara nuna haƙora in kana kusa. A inci 32 kan tebur kuwa ba na ba kowa shawara. Inci 27 abokin 1440p ne, inda ake samun kusan 109. Mutanenmu na son babban abu, kuma masu shago sun sani, shi ya sa inci 27 da 32 masu 1080p suke gaban shago.

A kan irin gilashin sikirin, uku ne a kasuwar masu ƙaramin ƙarfi. TN shi ne tsoho kuma mai sauri, shi ya sa monita irin Asus VG248QE ta 2013 ta yi tashe, kuma har yanzu wasu 'yan gasar Counter-Strike ba su rabu da shi ba. Aibinsa launi ne: ka kalla daga sama hoton ya yi fari, ka kalla daga ƙasa ya yi duhu. A ɗakin da mutum uku ko huɗu za su zauna gefe suna jiran layi, wannan ba ƙaramar illa ba ce. IPS, fasahar da kamfanin Hitachi ya fito da ita a 1996, launinsa daidai yake ta kowace fuska, kuma saurin da aka daɗe ana yi masa gori a kai ya samu. Inda ya gaza shi ne baƙi. Bambancin mafi haske da mafi duhu a jikinsa kusan 1000 ne bisa 1, don haka da dare baƙinsa toka-toka ne, kusurwoyi kuma su riƙa ɗan sheƙi. VA yana kai 3000 bisa 1, baƙinsa baƙi ne na gaske, fim da wasannin labari suna yin kyau a kansa ƙwarai. Sai dai masu arahar cikinsa suna da nawa wajen sauya launuka masu duhu. Ka shiga wani lungu mai duhu a cikin wasa ka juya kyamara, sai ka ga bango da ƙofa suna jan wutsiya baƙa a bayansu. Mai wasan harbi abin zai dame shi, mai wasan ƙwallo a kan koren fili mai haske wataƙila ba zai taɓa lura ba. Ni dai in kuɗi ɗaya ne, kuma monitar za ta yi karatu da aiki da kallo ban da gem, IPS zan ɗauka. OLED ya fi su duka, amma ba ya cikin lissafin masu ƙaramin ƙarfi.

Wannan jan wutsiyar shi ya kawo mu ga 1ms, lambar da na fi ƙin gani a kwali. Ana nufin lokacin da ɗigo ke ɗauka ya sauya daga wani launi zuwa wani. Abin yana da muhimmanci, tunda a 144Hz hoto na sauyawa duk milisakan 6.9, kuma ɗigon da ya fi haka jinkiri zai bar ragowar tsohon hoto a kan sabo. Matsalar ita ce yadda ake aunawa. Kamfani kan zaɓi sauyin da ya fi kowane sauri, a kan saitin da ya fi kowane tsanani, ya rubuta shi. Saitin nan, da za ka gani a menu da sunan Overdrive ko Response Time, ƙarin wuta yake tura wa ɗigon don ya hanzarta. In ka kai shi ƙurya, ɗigon ya zarce launin da ake so sannan ya dawo, sai farar inuwa ta riƙa bin duk abin da ke motsi, wadda ta fi ta farko muni. Yawanci matakin tsakiya ne ke da amfani. Wani lokaci kuma za ka ga an rubuta MPRT a gefen lambar da ƙananan baƙaƙe. Wannan wata dabara ce dabam: fitilar bayan sikirin ake kashewa ana kunnawa da sauri tsakanin hoto da hoto. Motsi yana fitowa sarai, gaskiya ne, amma haske ya ragu sosai, wasu mutane kansu ya yi ciwo, kuma a yawancin masu araha ba ya aiki tare da FreeSync. Monitoci biyu masu 1ms a kwali za su iya bambanta nesa ba kusa ba. Sharhin masu auna kaya da na'ura, irin su Rtings, ya fi kwali gaskiya, kuma neman lambar samfurin a waya kana tsaye a shago bai fi minti biyu ba.

FreeSync kuwa ba ado ba ne. Katin hoto ba ya fitar da hotuna a kan ƙa'ida ɗaya, yanzu 90 ne, an shiga faɗa ya koma 70. In monita na nan a kan gudunta ba ta jira, sai rabin sabon hoto ya hau kan rabin tsoho, ka ga sikirin ya tsage a kwance. Nvidia ta fito da maganin a 2013 da sunan G-Sync, amma sai an saka wani guntu na musamman a cikin monita, abin da ya sa ta tsada. AMD ta biyo baya da FreeSync a 2015 ba tare da wannan guntun ba. A Janairun 2019 Nvidia ta sassauta, ta bar katunanta daga jerin GTX 10 zuwa sama su yi aiki da monitocin FreeSync ta kafar DisplayPort. Tun daga nan mai ƙaramin ƙarfi ya huta da biyan kuɗin G-Sync. Abin dubawa shi ne faɗin zangon Hz da FreeSync ɗin ke aiki a ciki. Mai aiki daga 48 zuwa 144 tana iya ninka hotuna in wasa ya faɗi ƙasa da 48, mai 48 zuwa 75 ba ta iyawa. Masu PS5 kuma su yi hattara: Sony ta ƙara wannan damar a Afrilun 2022, amma ta tsarin VRR na HDMI, kuma monitoci masu araha da yawa FreeSync kaɗai suke ji ta wannan kafar. A kan Xbox zai yi aiki, a kan PS5 ya ƙi.

Wayar jonawa ma tana cin mutane. Ana iya samun monita mai 165Hz wadda ta DisplayPort kawai take kai hakan, ta HDMI kuwa ta tsaya a ƙasa. Na'urorin Sony da Microsoft ba su da DisplayPort sam, laftof da yawa kuma tsohuwar HDMI 1.4 ce a jikinsu. HDMI 2.0 tana ɗaukar 1440p a 144Hz, amma 4K a 120 sai HDMI 2.1. Ko bayan an jona komai daidai akwai sauran aiki, domin Windows ta kan bar sabuwar monita a kan 60Hz. Sai an shiga Settings, a je Display, a gangara Advanced display, a zaɓi lambar da hannu. Akwai waɗanda ke shafe watanni suna yabon santsin monitarsu alhali ba su taɓa taɓa wannan wurin ba.

Sauran abubuwan kwali ba sa buƙatar dogon zance. Tambarin DisplayHDR 400 shi ne mataki mafi ƙasa, kuma monitar da ba ta iya rage haske a wani sashe ta ƙara a wani ba za ta ba ka HDR ɗin da ake gani a talla ba. Kada ka ƙara ko kwabo saboda shi. Lanƙwasar sikirin, wato 1500R ɗin kwali, a inci 24 ba ta da wani tasiri. Fitilu masu launi a bayan monita bango suke yi wa kwalliya. Lasifikar ciki kuwa kusan kullum ba ta da daɗi, gara ka duba ko akwai kafar saka abin kunne, ko da yake hannun PS4 da na PS5 duk suna da ita. Abin da ba a tallatawa, kuma wuya da baya za su gode maka a kansa, shi ne ƙafar da ake iya ɗagawa a sauke. In babu, a duba ramuka huɗu na VESA a bayanta, waɗanda za a iya kafe ta da su a bango.

Wani zai ce, ga talabijin a ɗaki, me ya kai ni sayen monita? Ga mai na'urar Sony da ke zama nesa a kan kujera, tambayar tana kan hanya. Illar talabijin ita ce gyare-gyaren da take yi wa hoto kafin ta nuna shi, waɗanda ke sa ka danna a ɗan jima kafin ɗan wasa ya buga. Mafi yawansu suna da Game Mode, kuma kunna shi kyauta ne. A gwada wannan tukuna.

Idan aka tattara, ga mai kwamfuta da ke iya haura 100, inda kuɗi suka fi yin daraja shi ne inci 24, 1080p, IPS, 144Hz zuwa 180Hz, da FreeSync. AOC 24G2 ta 2019 tana cikin waɗanda suka fara sauko da wannan haɗin inda talaka zai kai hannu, kuma yau kusan kowane kamfani yana da irinta. Ban kawo farashi a naira ba da gangan, tunda kayan da dala ake shigo da su, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 farashin wannan watan ba ya zama na watan gobe. Shi ya sa kasuwar na hannu ta ƙara armashi, daga Computer Village a Ikeja zuwa Banex a Abuja da titin Beirut a Kano. Mafi yawan abin da ke can monitocin ofis ne na Dell da HP da Lenovo, masu 60Hz, masu ƙwari, wasu da IPS da ƙafa mai ɗagawa. Ga mai PS4 babu abin da ya fi su dacewa, muddin 1080p ce kuma tana da HDMI. Tsofaffi masu 1366 da 768 ko masu VGA kaɗai a bar su, domin sai an nemi abin juya sigina, sauti ya zama wata matsalar, PS4 ma takan ƙi nuna hoto sai an kashe saitin HDCP a cikinta. Shekarar ƙira tana rubuce a takardar da ke manne a baya.

A wannan takardar ne kuma ake ganin zancen wuta. Monita mai inci 24 ba ta cika wuce wat 20 zuwa 30 ba, ƙaramar inbata ko sola na ɗaukarta ba wahala, ba kamar kwamfutar tebur ta gem mai jan ɗaruruwa ba. Yawancinsu an rubuta suna karɓar bolt 100 zuwa 240, don haka raunin wuta bai cika damunsu ba. Dawowar wuta da ƙarfi ita ke kashe su. Mai adafta a waje tana da sauƙi ta nan, in ta ƙone sau da yawa adaftar kawai za a sauya, da sharaɗin a sami mai bolt daidai, tunda wasu 12 ne, wasu 14, wasu 19.

Sabuwa ce ko ta hannu, kada a ɗaure ta sai an kunna. Ka je da filashi mai hotuna biyar, kowane launi ɗaya cike da sikirin: fari, baƙi, ja, kore, shuɗi. A kan fari ake ganin mataccen ɗigo da tabon da matsi ya bari, a kan baƙi ake ganin ɗigon da ya maƙale yana haske da kuma fitilar da ke yoyo ta gefe. Ka kusanto da fuska ka bi kusurwa huɗu a hankali. A gwada kowace kafa ta baya da waya, ba wadda mai shago ya riga ya jona kaɗai ba, a danna kowane maɓalli, a zaɓi lambar Hz mafi girma a gani ko za ta tsaya ba ƙyaftawa. Shafin TestUFO yana nuna gudun da monitar ke yi a zahiri. Ka bar ta a kunne kamar minti goma sha biyar, saboda wata cutar sai ta ɗau zafi take fitowa.

Mai shago zai ce, "Haba yallaɓai, wannan ai garau take, jiya aka buɗe kwantena."

Sai ka ce, "Na yarda Alhaji. To a rubuta mini a rasit: lambar jikinta, da kwana nawa zan iya dawo da ita in ta nuna wani hali."

Ko sabuwa ce wannan rubutun yana da amfani, domin kamfanoni da yawa ba sa ɗaukar mataccen ɗigo ɗaya ko biyu a matsayin lahanin da garanti ya shafa, garantin wata ƙasa kuma ba lallai ya yi aiki a nan ba. Alkawarin wanda ya karɓi kuɗinka shi ne a hannunka, kuma kwana bakwai a rubuce sun isa a gano yawancin abin da gwajin shago bai nuna ba.